Yadda Ake Shayar da Tagwaye Tun Daga Ranar Haihuwa

Tambayar da ta fi damun macen da aka shaida wa cewa 'yan biyu take ɗauke da su ita ce ko ruwan nononta zai ishi baki biyu. A wajen mafi yawan mata yana isa, kuma dalilin hakan yana cikin yadda jiki yake haɗa nonon. Duk lokacin da jariri ya tsotsa, saƙo yana tashi daga kan nono zuwa ƙwaƙwalwa, sai a saki sinadarai biyu: furolaktin, wanda yake sa a haɗa ruwan nono, da oksitosin, wanda yake matso shi ya fito. Ban da wannan, maman da aka tsotse ya yi sako-sako yana gaggawar haɗa sabon ruwa, wanda kuwa aka bari a cike yana rage aiki. Saboda haka jarirai biyu masu tsotso da kyau suna sa jikin uwa ya samar da abin da zai ƙosar da su duka, kuma girman mama ko ƙanƙantarsa ba ya cikin wannan lissafi. Abin da yake saurin ƙare wa uwar tagwaye shi ne barci da ƙarfi da lokaci, don haka a kansu ne ya kamata a gina tsarin shayarwar tun daga farko.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, wato asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗaya ce ga jariri guda da tagwaye: a fara shayarwa cikin sa'ar farko bayan haihuwa, a ba da nono zalla har wata 6, ba ruwa ba komai sai maganin da likita ya rubuta, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Ruwan nono kansa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, shi ya sa ko a lokacin zafi jariri ba ya bukatar a ɗura masa ruwa.

Shirin da ake yi kafin haihuwa

Fiye da rabin tagwaye suna zuwa kafin ciki ya cika mako 37, da yawansu nauyinsu bai kai kilo 2.5 ba, kuma an fi yi wa masu cikin tagwaye tiyata fiye da masu cikin ɗa guda. Waɗannan abubuwa uku duk suna shafar farkon shayarwa, saboda haka kada ki jira watan haihuwa ya kama kafin ki yi shiri. Tun a wajen awo, ki sanar da likita da ungozoma cewa niyyarki ki shayar da yaran nono, kuma kina so a ɗora miki su a ƙirji da zarar an haife su idan lafiyarsu da taki ta ba da dama. Ki tambaya ko asibitin yana da sashen kula da bakwaini, da kuma yadda ake barin uwa ta kusanci ɗanta idan an kwantar da shi a can. Ki roƙi a nuna miki yadda ake tatsar nono da hannu, domin koyon wannan a natse ya fi koyonsa bayan tiyata, jiki na ciwo, hankali kuma yana kan yaro.

Abu na gaba shi ne mataimaki. Ki tsayar da magana da maigida da wata babbar mace da kika amince da ita a kan wanda zai kasance kusa da ke dare da rana a makonnin farko. A ganina wannan ya fi kowane kayan da za a saya muhimmanci, domin uwar da ke riƙe da jariri a mama ba ta da hannun da za ta ɗauko na biyun, ta gyara matashi, ko ta kai kofi bakinta.

Sa'o'in farko da dakashi

Da zarar an haifi na farko aka goge jikinsa, a kwantar da shi a ƙirjinki fatarsa tana taɓa taki, a lulluɓe ku tare. Idan na biyun ya iso, shi ma a yi masa haka. Wannan haɗuwar fata tana ɗumama jariri, tana daidaita numfashinsa da sukarin jininsa, tana kuma tada masa sha'awar neman nono. Idan tiyata aka yi, ana iya yin hakan da taimakon ma'aikaciyar jinya da zarar kin dawo hayyacinki, kafin nan kuwa mahaifinsu yana iya rungume su a ƙirjinsa don ɗumi.

Abin da zai fara fitowa shi ne dakashi, wato ruwan nan mai kauri mai launin ɗorawa. Kaɗan ne, amma cikin jaririn kwana ɗaya ma bai wuce ya ɗauki kimanin ƙaramin cokali guda a sha ɗaya ba. Dakashi yana ɗauke da garkuwar da ke kare hanji daga ƙwayoyin cuta, yana kuma taimakawa wajen fitar da baƙin kashin farko, wanda fitarsa take rage haɗarin ciwon shawara. Ga tagwaye ƙanana ko bakwaini, kowane ɗigo magani ne, don haka kada a matse shi a zubar. Cikakken ruwan nono yakan sauko tsakanin kwana 2 zuwa 4, yana kuma iya jinkirta kaɗan bayan tiyata, ko zubar jini mai yawa, ko haihuwa kafin lokaci. Wannan jinkiri ba alama ba ce cewa nonon ba zai zo ba. Maganinsa shi ne yawan ɗora yaran a mama da yawan tatsa.

Za ki ji mararki tana murɗawa lokacin da suke tsotso a kwanakin farko. Oksitosin ne yake matse mahaifa ta koma yadda take, kuma hakan yana rage zubar jini, abin da mai tagwaye take da bukatarsa ƙwarai tunda mahaifarta ta buɗe fiye da ta sauran mata.

Ki fara da ɗaya bayan ɗaya

Mata da yawa suna ɗokin haɗa yaran biyu a mama tun ranar farko. Shawarata ita ce ki dakata. A kwanakin farko ki shayar da su ɗaya bayan ɗaya, domin kowannensu yana bukatar hannayenki biyu da idonki har ya iya kama nono, ke ma kuma kina bukatar ki san halin tsotson kowanne. Sau da yawa ɗaya yakan zama mai ƙarfi da hanzari, ɗayan kuwa mai barci da saurin gajiya, kuma ba za ki gane wannan bambanci sosai ba idan hankalinki ya rabu biyu.

Ki zauna ki jingina bayanki, ko ki kwanta a gefe idan ɗinkin tiyata yana damunki. Ki juyo da jaririn gaba ɗayansa ya fuskance ki, cikinsa manne da jikinki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a miƙe a layi ɗaya, ta yadda ba sai ya murɗa wuya ba kafin ya kai ga nono. Ki tallafi wuyansa da kafaɗunsa, kada ki danna ƙeyarsa, don yana bukatar ya ɗan ɗaga kai baya. Ki sa kan nonon daidai hancinsa, ki shafa leɓensa na sama da shi, ki jira har ya wage baki sosai kamar mai hamma. A daidai wannan lokaci ki jawo shi zuwa gare ki da sauri, haɓarsa ta fara taɓa mama. Jaririn ake kaiwa ga mama. Uwar da take sunkuyawa tana kai maman bakin yaro, ita ce take ƙarewa da ciwon baya da tsagewar kan nono.

Kamu mai kyau yana da alamomi: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa ta nutse a mama, kuma baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi bayyana ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Kumatunsa za su cika, tsotson zai fara da sauri sannan ya koma mai zurfi a hankali, har ki ji ko ki ga yana haɗiya. Ɗan zafi na daƙiƙun farko ba laifi ba ne, amma idan zafin ya ci gaba, ko kan nonon ya fito a matse kamar an tauna shi, to kamun bai yi ba. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsafta ta gefen bakinsa ki raba shi da maman a hankali, ki sake gwadawa. Kada ki jure wa mummunan kamu don gudun kukansa, domin kan nonon mai tagwaye ba ya samun hutun da zai warke idan ya tsage.

Kowane jariri yana bukatar shan nono sau 8 zuwa 12 a cikin sa'a 24. Kada ki jira kuka. Idan kika ga yana motsa baki, yana juya kai yana nema, ko yana kai hannu baki, lokaci ya yi. Mai yawan barci kuwa a tashe shi idan ya kai sa'a 3 bai sha ba, har sai ya dawo nauyin haihuwarsa ya fara ƙaruwa. Ana tashinsa ta hanyar rage masa kaya, canza masa nafkin, ko shafa tafin ƙafarsa. Idan ya fara tsotso ya yi laƙwas, ki matsa maman a hankali da hannunki don ruwan ya ƙara gudu, hakan yakan sa ya ci gaba da haɗiya.

Idan ɗaya ko duka biyun ba sa iya tsotso

Jariri yakan fara iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ne wajen mako na 32 zuwa 34 na ciki, kuma ko waɗanda aka haifa a mako na 35 ko 36 suna saurin gajiya a mama. Idan an kwantar da yaranki a kwalba, wato na'urar ɗumama bakwaini, ko ana ba su abinci ta siririyar robar hanci, aikinki shi ne ki riƙe musu nonon har su yi ƙwari. Ki fara tatsa da wuri, cikin sa'o'in farko bayan haihuwa idan jikinki ya yarda, kada dai a wuce sa'a 6 in da hali. Daga nan ki tatsa sau 8 zuwa 10 a sa'a 24, har da aƙalla sau ɗaya cikin dare, domin furolaktin ya fi yawa a jini da dare. Yawan tatsar ya fi tsawonta tasiri, kuma makonni biyun farko su ne suka fi muhimmanci wajen kafa yawan nonon da jiki zai riƙa yi.

Ga yadda ake tatsa da hannu. Ki wanke hannu da sabulu, ki tanadi kofi mai faɗin baki da aka wanke aka tafasa. Ki shafa maman a hankali daga sama zuwa kan nono. Ki ɗora babban yatsa a saman baƙin da ke kewaye da kan nono, manuni kuma a ƙasa daura da shi, ki tura su baya zuwa ƙirji, sannan ki matse ki saki, ki matse ki saki, ba tare da kin ja fatar ko kin murza kan nonon ba. Idan ɗigon ya ragu, ki zagaya da yatsun zuwa wani ɓangare, sannan ki koma ɗayan maman. A kwanakin dakashi hannu ya fi injin tatsar nono, saboda ɗan abin da ya fito yakan maƙale a jikin injin, kuma ana iya tattara shi da ƙaramin sirinji mai tsafta. Bayan nono ya sauko, injin da ke tatsar mama biyu lokaci guda yana rage wa mai tagwaye wahala sosai.

Nonon da aka tatsa yana iya zama har sa'a 4 a ɗaki mara zafi, har kwana 4 a firij, da kimanin wata 6 a wurin ƙanƙara. Idan ɗakin yana da zafi a gaggauta amfani da shi, kuma idan yaron yana kwance a asibiti a bi ƙa'idar sashen, domin tasu takan fi tsanani. Ana ɗumama shi ta hanyar tsoma mazubinsa a ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. Ƙaramin jariri yana iya sha da ƙaramin kofi: a zaunar da shi a ɗan miƙe, a jingina bakin kofin a leɓensa na ƙasa har nonon ya taɓa leɓen, a bar shi ya lasa da kansa, kada a zuba masa.

Ki nemi a bar ki ki yi musu renon kangaru, wato ɗaure jariri a ƙirji fata da fata na tsawon sa'o'i. An fara wannan hanya a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwa ga bakwaini da masu ƙarancin nauyi. Uwa tana iya ɗaukar duka biyun a ƙirjinta, ko ta ɗauki ɗaya mahaifin ya ɗauki ɗaya. Idan kuwa ɗaya yana gida yana tsotso, ɗayan yana asibiti, akwai dabara mai amfani: ki ba mai ƙarfin mama ɗaya, ki tatsi ɗayan a lokaci guda, domin tsotsonsa yana sauko da ruwan duka ɓangarorin.

Haɗa su a lokaci guda

Idan aƙalla ɗaya daga cikinsu ya iya kama nono ba tare da wahala ba, ga wasu bayan 'yan kwanaki, ga wasu bayan makonni, sai ki fara gwada haɗa su. Lissafin a fili yake: jarirai biyu, kowanne sau 8 zuwa 12, idan aka raba su ya zama zama 16 zuwa 24 a rana ɗaya, haɗa su kuwa yana rage wannan kusan da rabi. Akwai kuma wata fa'ida, ita ce mai ƙarfin tsotso yana sauko da ruwan nono, mai raunin kuma ya samu a sauƙaƙe.

Ki shirya wurin kafin ki ɗauko kowa. Gado ko shimfiɗa mai faɗi a ƙasa ta fi kujera, don akwai wurin ajiye yaro a kowane gefe ba tare da tsoron faɗuwa ba. Ki sa matashi a bayanki, da matashi mai tauri a kowane gefe wanda zai ɗago yaran daidai tsayin mama. Akwai matashin da aka ƙera musamman don tagwaye mai zagaye ƙugu, amma matasai na gida da bargo a naɗe suna yin aikin. Ki ajiye ruwan sha da tsumman goge tumbuɗi inda hannu zai kai. Ki kwantar da yaran ɗaya a dama ɗaya a hagu, sannan ki zauna a tsakiyarsu.

Riƙon da ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne na ƙarƙashin hammata. Kowane yaro yana kwance a kan matashi a gefenki, ƙafafunsa sun nufi bayanki ta ƙarƙashin hannunki, kansa yana gaba a tafin hannunki daidai mama. Da wannan riƙo kina ganin bakin kowanne, kina iya gyara masa kamu, kuma babu nauyin da zai sauka a kan ɗinkin tiyata. Riƙo na biyu shi ne ki rungume su duka a gaba, kan kowanne a lanƙwasar hannunki, ƙafafunsu suna gittawa a kan cinyarki. Wannan ya fi dacewa idan wuyansu ya fara ƙwari, don hannayenki ba sa samun damar gyara. Na uku gauraye ne: ɗaya a rungume a gaba, ɗayan a ƙarƙashin hammata, duka suna fuskantar ɓangare ɗaya. Akwai kuma na kishingiɗa, inda za ki jingina baya sosai ki kwantar da su rub da ciki a jikinki, kowanne a mamansa. Wannan yana taimakawa idan ruwan nono yana zuba da ƙarfi har yana shaƙe su, amma sai kina farke, kuma da wani a kusa.

Wanne za a fara sa wa? Idan ke kaɗai ce, ki fara da wanda ya fi wahalar kamu tun hannayenki biyu suna sake, sannan ki jawo gwanin, wanda ba ya bukatar gyara mai yawa. Idan akwai mataimaki, kina iya farawa da gwanin don ya sauko da nonon, sannan a tallafa masa ke kuma ki mai da hankali ga mai raunin. Wanda ya riga ƙoshi, a ɗauke shi a sa shi ya yi gyatsa a kafaɗa, ɗan'uwansa ya ci gaba har ya saki da kansa.

Ba dole ba ne kowane sha ya zama a haɗe. Wasu mata suna jin haɗawar tana takura musu, wasu kuma suna haɗawa da dare su raba da rana don su samu lokacin kallon fuskar kowanne shi kaɗai. Duk wanda kika zaɓa daidai ne matuƙar yaran suna ƙoshi.

Musayar mama da tsarin dare

Kada ki ware wa kowane yaro mamansa na dindindin. Tunda ƙarfin tsotsonsu ba ɗaya ba ne, maman mai raunin zai rage ruwa, na mai ƙarfin ya ƙaru, sai ki wayi gari ɗaya ya fi ɗaya girma kuma mai raunin yana ƙara baya. Musaya tana daidaita wannan, tana kuma sa yaro ya riƙa juya kai da ido ta ɓangarori biyu. Kina iya musanyawa a kowane sha, amma gajiya tana sa mantuwa, shi ya sa na fi son musayar kwana-kwana: yau wannan yana dama, gobe yana hagu. Zare ko abin hannu da kike mayarwa daga wannan hannu zuwa wancan ya isa ya tuna miki.

Da dare, idan ɗaya ya farka neman nono, ki tashi ɗayan ki ba shi, ko tare ko nan da nan bayan ɗan'uwansa. Tashin yaro mai barci yana da nauyi a zuciya, amma idan ba ki yi haka ba, kina kwanciya na biyun zai farka, kuma haka za a kwana. Mai taimaka miki shi zai miƙo su, ya canza nafkin, ya sa su gyatsa, ya mayar da su makwanci. A kwantar da jarirai a rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba matashi ba tarin bargo kusa da fuska. Idan kika ji barci yana fizgarki, kada ki ci gaba da zama da su a kan kujerar kushin, domin nan ne wurin da ya fi haɗari uwa ta yi barci da jariri a hannu.

Yadda za ki gane kowanne yana ƙoshi

A nan ne ake yawan kuskure da tagwaye, domin ana yi musu lissafi a dunƙule. Ki tanadi littafi ko takarda mai gida biyu, kowane yaro da nasa, a riƙa rubuta lokacin da ya sha, da fitsarinsa, da kashinsa. Idan suna kama da juna sosai, a bar musu alamar asibiti ko a bambanta kayansu, don yana faruwa a ba ɗaya sau biyu a tsallake ɗayan cikin magagin barci.

Abin da ake sa ran gani ga kowanne shi ne fitsari sau ɗaya a ranar farko, sau biyu a ta biyu, yana ƙaruwa har ya kai sau 6 ko fiye a rana daga kwana na 5, kuma mara duhu. Kashi yana farawa baƙi mai danƙo, ya koma kore, ya zama ruwan ɗorawa mai laushi wajen kwana na 4 ko na 5, aƙalla sau biyu a rana a makonnin farko. Jarirai sukan rage nauyi a kwanakin farko, amma idan ragin ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwa, dole ma'aikacin lafiya ya duba shayarwar. Yawanci sukan dawo nauyin haihuwarsu cikin kimanin mako 2. A auna kowanne a gwada shi da nauyinsa na baya, kada a gwada shi da ɗan'uwansa, domin wanda aka haifa ƙarami yana iya zama ƙarami na tsawon lokaci alhali yana girma yadda ya kamata.

Akwai kwanakin da za su nemi nono kusan kowace sa'a, musamman da yamma, ko wajen mako na 3 da na 6. Mama zai yi laushi, zuciya ta raya miki cewa ruwan ya ƙare, kuma ba za a rasa mai cewa mutum ɗaya ba ta iya ƙosar da biyu ba. Kafin ki yarda da kowa, ki duba takardar fitsari da ma'auni. Idan suna nan daidai, yaran suna ƙara yawan nonon ne da wannan naci, kuma cikin 'yan kwanaki abin yakan lafa.

A garzaya asibiti ba tare da jira ba idan ɗayansu ya daina shan nono, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko numfashinsa ya kai sau 60 a minti, ko ƙirjinsa yana lotsawa ciki sosai, ko yana jijjiga, ko zafin jikinsa ya kai digiri 37.5 ko ya sauka ƙasa da 35.5, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da ƙafa.

Matsalolin mama da batun ƙari

Idan mama ya cika ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa, ki tatse kaɗan don wajen kan nonon ya yi laushi, sannan ki sa shi. Tsumma mai sanyi bayan shayarwa yana rage kumburi. Idan wani ɓangare ya yi zafi da tauri, fatar wurin ta canza, ga zazzaɓi da ciwon jiki, ki ci gaba da shayarwa daga wannan maman, domin nonon ba ya cutar da yaran, ki guji murza wurin da ƙarfi, ki kuma ga likita idan ba ki ji sauƙi cikin sa'a 24 ba ko jikin ya tsananta. Tsagewar kan nono kusan kullum daga kamu take, don haka gyaran kamun shi ne maganin farko.

Wani lokaci likita zai ga cewa ɗaya ko duka suna bukatar ƙari, saboda sukarin jini ya sauka ko nauyi ya ƙi hawa. Abin da ake fara bayarwa shi ne nonon da kika tatsa, idan bai isa ba sai abin da likitan ya tsara, wanda yana iya zama madarar jarirai da aka haɗa daidai ƙa'idarta da tafasasshen ruwa da kayan da aka tsaftace. Ki fara ba da mama kafin ƙarin, kuma duk lokacin da aka ba da ƙari ki tatsa, don jikinki ya ci gaba da samun saƙon cewa ana bukatar nonon. Mata da yawa sun fara da ƙari suka rage shi a hankali har suka koma nono zalla, wasu kuma suka ci gaba da haɗawa, kuma kowane adadin nonon uwa da yaro ya samu yana amfanarsa. Idan kina shan wani magani na dogon lokaci, ko kina ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ki tsara shayarwar tare da likitanki tun kafin haihuwa. Haka nan ki tambaye shi game da ƙarin sinadarin ƙarfe da bitamin D, waɗanda ake yawan rubuta wa bakwaini.

Jikinki

Ana ƙiyasta cewa shayar da jariri ɗaya yana cin kusan kalori 500 a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci yake bayarwa), na biyu kuwa ƙari ne a kan haka, saboda haka yunwa da ƙishirwar da za ki ji na gaskiya ne. Ki ci abinci mai gina jiki da ganyaye da 'ya'yan itatuwa, ki ƙara da ɗan abin taɓawa tsakanin manyan abinci, ki sha ruwa duk lokacin da kika zauna shayarwa. Cikin tagwaye yana yawan barin mace da ƙarancin jini, don haka ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini idan an rubuta miki. Aikin gida a makonnin farko na wasu ne, kuma duk lokacin da yaran suka yi barci tare ki kwanta, ko da rana tsaka ce.

Iyayen tagwaye sun fi sauran mata fuskantar ciwon damuwa bayan haihuwa. Kuka da sauyin yanayi na 'yan kwanaki bayan haihuwa abu ne da aka saba gani, amma idan baƙin ciki ko tsoro ko rashin jin daɗin komai ya wuce mako 2, ko kika kasa barci alhali yaran suna barci, ki faɗa wa maigida da ma'aikacin lafiya. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko yaran ya zo miki, a nemi likita a ranar. Ciwo ne da ake warkewa, kuma akwai magungunansa da ake sha ana ci gaba da shayarwa.